GANI YA KORI JI? HOTUNAN YAƘI DA NA KARƁAR BAƘI A ƘASAR HAUSA DA BARNO A ƘARNI NA 19



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan magana gaskiya ce a kasuwa, gaskiya ce kuma a gaban alƙali. Amma akwai wani irin gani wanda in aka bi salsalarsa sai a tarar ji ne aka sa wa riga. A kan irin wannan gani laccar nan za ta yi magana, watau hotunan nan masu baƙi da fari na mahaya cikin lifidi, da na sarakuna a zaune suna karɓar baƙi, waɗanda Turawa suka buga a littattafansu da jaridunsu a ƙarni na 19. Da wuya a sami ɗalibin tarihin da bai taɓa cin karo da su ba. Suna cikin littattafan makaranta, suna jikin bangon gidajen adana kayan tarihi, yanzu kuma suna yawo a wayoyin hannu, kowa yana liƙa musu sunan da ya ga dama. Har akwai waɗanda ake yaɗawa da sunan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, alhali kuwa Shehu ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana na'urar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, kuma shekara 7 kafin Clapperton ya taka Sakkwato.

Malaman ƙasar nan suna da tsohuwar ƙa'ida game da labari. Ba sa karɓarsa sai sun tambayi isnadinsa: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma wancan gani ya yi ko shi ma ji ya yi. Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan yana da nasa isnadin, kuma wanda bai san shi ba, hoton yana iya ɓad da shi. Za a fara da yadda ake ƙera su, sa'an nan a duba na fada da na fagen fama, daga bisani a tsaya a ƙasar noma ta kudancin Katsina, wajen Dayi da Malumfashi da Funtua, a tambayi inda manomi yake a cikinsu.

YADDA AKE ƘERA HOTON

A ƙarshen ƙarni na 18 wani mutumin Ingila mai suna Thomas Bewick, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, ya kyautata dabarar sassaƙa zane a jikin katako. Maimakon a tsaga itace a tsaye kamar za a yi allo, sai a yanka shi a gicciye kamar yadda ake yanka rake. Itacen wani ne mai tsananin tauri da ake kawowa daga Turkiyya da kewayenta. A goge fuskar guntun ta yi sumul, a zana hoton a kai, kana masassaƙi ya ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini, irin na mai zanen ƙwarya amma ya fi shi siranta, ya riƙa ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari. Abin da ya rage a tsaye shi ne yake ɗaukar tawada. Aikin hatimi ke nan, kuma kamar hatimi, tilas a yi zanen a juye, dama ta koma hagu. In mai kwafa ya yi sakaci, sai barade su fito a takarda duk sun zama bahagwai.

Amfanin wannan dabara shi ne ana iya jera guntun katakon tare da haruffan ɗab'i a buga su baki ɗaya, kuma yana jure bugu dubbai. Da haka aka sami jaridu masu hotuna. Ranar 14 ga Mayu 1842 Herbert Ingram ya fitar da Illustrated London News a Landan, shafi 16 da hoto 32, a kan sisi, aka sayar da kwafi 26,000. A 1843 Faransa ta sami L'Illustration, Jamus ta sami Illustrirte Zeitung, Amurka kuma ta sami Harper's Weekly a 1857. Abu biyu suka fi sayar da waɗannan jaridu: yaƙi da biki. Sun cika da hotunan yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 da na shagalin sulhun da ya biyo baya, da na tarbar jakadun Japan a Amurka a 1860, da na yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda mai zane Winslow Homer ya nuna sojoji a sansani da mata a gida suna yi musu ɗinki.

To, sai dai itacen nan ba ya yin kauri, jarida kuma ba ta jira. Saboda haka babban hoto akan haɗa shi ne da ƙananan guntaye da aka ɗaure da ƙusoshi. Da an gama zane sai a kwance su a raba wa masassaƙa, kowa ya yi nasa, a sake ɗaurewa. Wani lokaci ma babu wanda ya ga abin da aka zana. A fitowar farko ta jaridar Ingram akwai hoton babbar gobarar da ta ci birnin Hambug na Jamus a wannan watan. Labarin ne ya iso Landan ba tare da zane ba, sai aka samo tsohon hoton birnin aka kwafa, aka ƙara masa wuta da hayaƙi.

Ba dukkan hotunan ƙasar Hausa da Barno ne aka sassaƙa a katako ba. Na littafin Denham da Clapperton na 1826 a farantin ƙarfe aka yi su, manyan hotunan littafin Barth kuma a jikin dutse, ƙananan ne na katako. Amma isnadinsu iri ɗaya ne: matafiyi ya yi ɗan zane a gurguje ko ya bayyana abin da baki, gwanin zane a Turai ya gyara ya ƙawata, masassaƙi ya sassaƙa, edita ya sa masa suna. Hannu huɗu ke nan, kuma na farko kaɗai ya taɓa shan ruwan ƙasar.

BAƘI A FADA

Ranar 17 ga Fabrairu 1823 Dixon Denham da Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney suka iso Kukawa daga Tarabulus. Dubban mahaya suka tarye su a bayan gari, waɗansu cikin sulke, suka yi ta yi musu jafi. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya karɓe su a wani ɗan ɗaki mai duhu, yana zaune a kan darduma cikin shuɗiyar riga, babu wani ado. Bayan 'yan makonni aka kai su gaida Mai Ibrahim, magajin tsohuwar daular Saifawa. Shi kuwa a fili ya zauna, cikin wata rumfa mai kama da keji, fadawansa sun jibga riguna bisa riguna da manyan rawuna, sun ba shi baya. Wannan zama na biyu shi ne aka zana ya shahara, aka yi ta kwafarsa.

Mai karatu a Landan ya kalli hoton ya ga abin dariya, sarki cikin keji. Mutumin Barno kuwa ya san tsohuwar al'ada ce ta ɓoye sarki daga idon jama'a, wadda Ibn Battuta ya ba da labarinta tun ƙarni na 14, cewa sarkin Barno ta bayan labule yake magana. Akwai kuma abin da hoton ba zai iya nunawa ba: a 1823 mulki ya riga ya bar wannan rumfa ya koma ɗan ɗakin nan mai duhu. Mai sarauta ce kawai ta rage masa, sojoji da baitulmali suna hannun Shehu. Wanda ya auna iko da yawan rawuna a wannan hoto, ya karanta tarihin Barno a juye.

A Maris 1824 Clapperton ya isa Sakkwato, Waziri Gidaɗo ɗan Laima ya sauke shi, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sau da dama. Bello ya tambaye shi game da ƙungiyoyin Kirista na dā, ya nuna masa yana da labarin abin da Ingilishi suka yi a Indiya da harin da suka kai wa Aljazair. Ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki Joji na Huɗu, ya kuma ba shi taswirar ƙasashen Sudan da aka zana a Sakkwato. An buga wannan taswira a littafin 1826, tare da fassarar wani sashe na Infaƙul Maisuri. Ta nuna kogin Kwara ya miƙe gabas, masana kuma sun daɗe suna muhawara ko da gangan aka yi haka don kada a nuna wa baƙo ƙofar teku. Ko ma yaya ne, a cikin wannan littafi ita ce zanen da isnadinsa ya faro daga hannun ɗan ƙasa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a Janairu 1851. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki a kan maganar gaisuwa kafin ya bar shi ya wuce Kano. A 1853 ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, yana kan hanyar fita yaƙi da Gobirawa, ya kuma samo daga gare shi takardar amana ga fataken Ingila. An buga littafinsa juzu'i 5 a 1857 da 1858. Manyan hotunansa, har da sanannen nan na Kano daga kan Dala, Johann Martin Bernatz ne ya tsara su a Jamus daga zanen Barth. Bernatz gwani ne, ya kuma taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Daga baya mujallar Le Tour du Monde, wadda aka kafa a Faransa a 1860, ta sa masu zanenta suka sake kwafar waɗannan hotuna aka sassaƙa su a katako, isnadi ya ƙara tsawo. Abin lura shi ne ƙananan hotunan katakon da ke tsakiyar rubutun Barth, na taswirar ganuwar Kano da ta Katsina, da fasalin gidan da ya sauka, da takalma da jakunkunan fata, sun fi manyan amfani ga mai bincike, domin babu wanda ya damu ya ƙawata su.

A Yuli 1870 Gustav Nachtigal ya iso Kukawa da kyautar Sarki Wilhelm na Farusiya zuwa ga Shehu Umar ɗan Laminu, don godiya bisa alherin da ya yi wa matafiyan Jamus. A cikin kayan akwai karagar mulki mai ruwan zinariya, da bindigogi, da agogo, da manyan hotunan sarkin da matarsa da ɗansa. Nachtigal ya ba da labari cewa Shehu Umar ya damu da jita-jitar cewa gumaka aka kawo masa, sai da ya ga hotunan a shimfiɗe suke, ba su da inuwa, hankalinsa ya kwanta. Watau tun a wannan zamani masu mulkin ƙasar nan suna auna hoto da ma'aunin shari'a kafin su karɓe shi. A cikin wannan wata na Yuli ne kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Farusiya da Faransa, wanda ya haifi daular Jamus. Shekara 14 bayan haka, a 1884, wannan Nachtigal ɗin ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru.

A nan ne hoton karɓar baƙi ya fi zama abin hattara. A al'adar fada, baƙo shi ke kawo gaisuwa, sarki ya ba shi masauki da abinci da amana, ya sallame shi da kyauta. Wanda ya kawo gaisuwa shi ne ƙarami. A 1885 Joseph Thomson ya zo wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a madadin kamfanin George Goldie, ya koma da takardar da kamfanin ya ce ta ba shi iko a bakin kogi, Sakkwato kuwa ta ɗauki kuɗin da ake aiko mata duk shekara a matsayin gaisuwar fatake. A Oktoba 1891 Bafaranshe Monteil ya zo wurin Sarkin Musulmi Abdurrahman, shi ma ya koma da tasa takardar, alhali tun Agusta 1890 Ingila da Faransa sun riga sun ja layi daga Sayi zuwa Baruwa sun raba ƙasar a tsakaninsu. Hotunan littafin Monteil na 1895 Edouard Riou ne ya zana su, mutumin da ya yi suna wajen zana hotunan littattafan ƙagaggun labarai na Jules Verne. Zama ɗaya ne aka yi a fada, masu masauki suka fahimce shi ta wata fuska, baƙi ta wata fuska dabam, amma fahimtar baƙon ce aka rubuta a ƙarƙashin hoton.

FAGEN FAMA

A Afrilu 1823 Denham ya bi rundunar Barno ƙarƙashin Barka Gana, tare da Larabawan Bu Kulum da mutanen Mandara, suka kai hari wani garin Fulani da ya kira Musfeya. Mutanen garin suka yi musu ruwan kibau masu dafi, mata suna gangaro da duwatsu daga kan tsauni, runduna ta watse. Bu Kulum ya mutu da dafin kibiya. Denham kansa ya rasa dokinsa, aka tuɓe shi, ya tsira da ƙyar tsirara. Duk da haka akwai hoton wannan hari a littafinsa, an jera kowa a wurinsa tsaf. Mutumin da ke gudun ceton rai bai tsaya zane ba. Abin da ya tuna ne daga baya aka tsara, aka sassaƙa a Landan.

A Oktoba 1826 Clapperton ya ga harin da rundunar Bello ta kai wa Ƙonya, birnin Gobirawa. Ya bayyana 'yan lifida da ƙarancin bindigogi, amma wadda ta fi burge shi wata tsohuwar baiwa ce Bazamfara, a kan doki, ta rataya gorunan ruwa da tasar tagulla, tana ratsa fagen fama tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Ga jama'a a lokacin yaƙi a cikin mutum guda: mace, tsohuwa, baiwa, wadda runduna ba ta iya wuni sai da irinta. Masu zane ba ita suka zaɓa ba, ɗan lifidi suka zaɓa, domin ya tuna wa mai karatu na Turai da jarumawan ƙasarsa na zamanin dā.

Akwai inda hoton ya nuna waɗanda yaƙi ya ci. A 1872 Nachtigal ya bi Sarkin Bagarmi Abu Sakin, ya ga harin kamun bayi a Kimre, inda mutane suka yi ɗakuna a kan manyan itatuwan rimi suka hau da iyalansu da awakinsu da hatsinsu, ana harbo su daga ƙasa. Hoton wannan rana yana cikin mafi ban tausayi na ƙarnin. Abin da ya nuna ya faru, kuma ba daidai ba ne ɗalibi ya musanta kamun bayi don kawai Bature ne ya zana shi. Amma lalle ne ya san cewa irin waɗannan hotuna su ne aka riƙa ɗagawa a Turai ana cewa ga dalilin da ya sa ya wajaba a ci ƙasar.

Jaridun Landan sun kuma saba da wani Bahaushe dabam. A 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, aka riƙa kiranta Hausawan Glover ko da yake ba duka ne Hausawa ba. An kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa, inda Melton Prior yake aika wa Illustrated London News da zane daga fagen fama. Haka mai karatu a Ingila ya san Bahaushe iri biyu, mai lifidi da za a yaƙa, da mai kaki da za a yi yaƙin da shi. Magadan wannan runduna ne suka shiga Kano a Fabrairu 1903 da Sakkwato a Maris 1903.

INA MANOMI?

Yanzu a dawo kudancin Katsina. Dayi tana ƙasar Malumfashi, ƙasar Galadiman Katsina, inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta ɓullo. Yanki ne na dawa da auduga, kuma tun kafin jirgin ƙasa ya raya Funtua a zamanin Turawa, tsofaffin garuruwa irin su Maska sun yi suna da saƙa da rini. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807 Umarun Dallaji ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, aka shiga shekaru da dama na kai hari da ramuwa. Sunayen Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau sun daɗe a bakin tsofaffi saboda hare-haren da suka kawo har cikin kudu. Hotunan da suka shahara na fada ne da ganuwar manyan birane da barade, domin matafiyi baƙon sarki ne, daga wannan fada ake miƙa shi waccan.

Duk da haka manomi yana cikin hoton, sai dai a jikin dokin yake. A ɗauki hoton ɗan lifidi a karanta shi kamar yadda ma'aji yake karanta lissafi. Lifidin nan ƙyalle ne da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke. Wani ya noma audugar, mata suka gurje ta suka kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, maɗinki ya ɗinka. Linzami da likkafa da mashi aikin maƙeri ne, ƙarfen kuma wani ya haƙo tama ya narka. Sirdi da ragama sun bi ta hannun masassaƙi da baduku. Dokin da zai ɗauki wannan nauyi ba ya rayuwa da ciyawa kaɗai, kullum sai an ba shi dawa da harawa da kanwa, kuma akwai yaron da aikinsa ke nan daga safe zuwa dare. Dawar nan daga gandun talaka ta fito ta hanyar zakka da haraji, ko daga rinjin da bayi ke nomawa. Barth ya rubuta cewa a ƙasar Kano kowane maigida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace karofi kuma wuri 700. Saboda haka duk baraden da aka gani a hoto, akwai gidaje da dama a bayansa waɗanda guminsu ne ya ɗora shi a kan sirdi, kuma su ne maharan ɗaya ɓangaren suke fara aukawa.

Muryar waɗannan gidaje ba ta ɓace ba. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kudu maso yammacin ƙasar Kano, maƙwabciyar wannan yanki, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki akwai yadda mutanen ƙauye suke gudu zuwa gari mai ganuwa in an ji mahara, da yadda ake kama mata da yara, da yadda dangi suke tara wuri su je fansa. Haka kuma Dorugu, yaron da aka kama bauta a ƙasar Damagaram, wanda ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Akwai hotonsa tare da abokinsa Abbega a littafin Barth, amma shi bai tsaya a hoto ba. Ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, har da yadda ya ga mutanen Ingila da al'adunsu, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Nasarawa ta Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa. Shi ne mutumin da aka zana, ya kuma juyo ya bayyana masu zanen.

KAMMALAWA

Zuwa shekarun 1890 an sami hanyar buga hoton na'ura kai tsaye a jarida, sana'ar sassaƙa katako ta mutu. Hotunan da ta bari dukiya ce, domin babu wasu da suka girme su a kan tufafi da makamai da gine-ginen wancan zamani. Zubar da su asara ce, haɗiye su ba tauna kuma ganganci ne. Abin da ya kamata ɗalibi ya yi duk sa'ad da ya ci karo da ɗayansu shi ne ya tambaya: wane matafiyi ne tushensa, a wace shekara ya zo, yana wurin ko ba ya nan, wa ya sake zanawa, kuma wa aka yi niyyar sayar wa. Sa'an nan ya gwada hoton da rubutun matafiyin kansa, domin sau da yawa alƙalaminsa ya fi hoton gaskiya. Daga nan ya gwada su duka da shaidar gida, watau wasiƙun Larabci na sarakuna da rubuce-rubucen malamai da ke ajiye a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Littafin Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina ya nuna irin abin da ake samu in an haɗa takarda da bakin dattawa.

Ma'aikatan hukuma kuma, musamman na ma'aikatun ilmi da watsa labarai da al'adu, su ne suke zaɓen hoton da za a sa a littafin firamare da kalanda da bangon gidan tarihi. Layi biyu a ƙarƙashin hoto sun isa: wane ne ya zana, a wace shekara, daga zanen wa. Yaron da ya saba ganin wannan tun yana aji huɗu, ba za a nuna masa zanen wani a ce masa Shehu ne ya yarda ba.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. A ƙasar Malumfashi da Funtua akwai kufai da ragowar ganuwa da tsofaffin karofi da garma take cinyewa kowace damina, akwai kirarin garuruwa da labarin gudun hari da suka rage a bakin tsofaffi ƙalilan. Ɗalibin da ya tafi hutu Dayi da littafin rubutu da na'urar ɗaukar hoto, ya auna ganuwa, ya zauna da dattawa, ya rubuta sunan wanda ya faɗa masa da ranar da ya faɗa, ya ajiye wa na baya shaidar da isnadinta ya fi na Bernatz da Riou gajarta.